Idon Hagu a Ƙofar Kamfani

Aina'u mai koko da ƙosai a ƙofar wani kamfanin roba a Sharaɗa ba ta san sunan dattijon ba. Dogo ne mai farin gemu, shuɗiyar rigar aikinsa ta koɗe. Kullum da safe yakan tsaya, ya rufe idon dama da tafin hannu, ya ƙura wa allon da ke jikin get idon hagu. Tana zaton direban kamfanin ne.

Yau sai ga shi yana dariya shi kaɗai.

"Baba, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, 'yata. Ciwon suga ne ya lalata mini ƙananan jijiyoyin jinin ido, suna yoyo kamar tsohon famfo. Likita ya ce in ba a tare ba, ido zai tafi, aiki ya bi shi. Allura ake mini a cikin ƙwayar."

Aina'u ta runtse nata idanun.

Ya nuna allon get, ya karanta a hankali: "An hana tsayawa a nan."

"Sai yau idon hagun ya iya karanta shi," in ji dattijon. "Ashe duk watannin nan laifi nake yi!"

Ya matsa gefe, ya ce a zuba masa koko, ban da suga.