Yaya Ige, na zazzage ƙullin gaban likita

Shekara tara ke nan da munka rufe Yaya Ige a Faru, kuma sai bana na samu labarin da naka jin kamar in ruga in ba ta. Ni ce ƙanwarta. Da tsufana na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga maganata ba ado ya yi haƙuri, haka bakina yake.

Yaya Ige ce mai maganin baki a unguwarmu. Jariri ya yi ƙuraje a harshe, a kawo mata, ta shafa mishi zuma, kwana uku ya koma tsotso. Sai ciwon daji ya kama ta a nono. Anka kai ta Sakkwato, anka fara ɗaura mata ruwan magani. In an gaya muna ruwan nan na saɓule baki, to mu dai ba mu ji ba. Bakinta ya yi jawur, ko kunu ba ya wucewa.

Mu da wayonmu munka ce zuma ta jarirai ce, ciwo babba sai magani mai ƙarfi. Munka daka jar kanwa muna goga mata. Tana hawaye muna murna, wai zafin nan shi ne magani na aiki. Da hannuna na goga. Likita ya tambaya ko muna ba ta wani abu a gida, munka ce a'a, alhali ƙullin kanwar na ɗaure a bakin zanena. Ta bar cin abinci, ta ce ba ta komawa asibiti, kuma ba ta koma ba. Allah Ya jiƙanta, mu kuma Ya yafe muna.

To bana ciwon ya faɗo kan ɗiyarta Dije. Bayan ruwa na biyu bakinta ya ɗauka. Ta zo ɗakina a Mafara tana magana da ƙyar.

"Inna, ni kam na gama. Ba ni komawa."

Na ce, "Ke, rufe min baki, ko da yake ciwo yake. Uwarki ta faɗi haka na yi shiru. Ke ba ni yi miki shiru."

Na tattara duk abin da 'yan dubiya sunka kawo: kanwa, bagaruwa, sassaƙe daga kasuwar Damri, da kwalbar zuma daga Birnin Tudu. Munka tafi Sakkwato, na kwance ƙullin na zazzage bisa teburin likita, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar jikata ba.

Ta ce, "Mama, duk wannan?"

Na ce, "Duk. Duba min, ɗiyata, wanne ne ke cutarmu?"

Wallahi ba ta yi faɗa ba, dariya ta yi. Ta ture kanwa gefe, ta ce ƙone baki take. Sassaƙe ta ce kada a sha, yana iya faɗa da maganinsu. Bagaruwa ta ce a aje tukuna. Sai ta ɗaga kwalbar, ta ce in mai tsabta ce, Dije ta riƙa ɗiba tana riƙewa a baki, tana kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Ta haɗa muna da nasu maganin kashe zafi kafin cin abinci. Ni na rubuta duka a bayan katin asibiti, ba wanda ya riƙe min hannu.

Zuma, jama'a! Abin da munka raina! Guɗa na saki a barandar asibiti har ma'aikata sunka leƙo. Da Yaya na nan, na san ta. Za ta fara cewa ai ta daɗe da sani, sannan ta zage ni tas don na tona asirin ƙulli gaban baƙuwa. To ta zage ni. Ɓoyon nan ya fi kanwar cutar da mu.

Kada wata ta ji ni ta ce zuma na warkar da daji. Baki kawai ta lallaɓa, har abinci ya samu hanya. Dije ta fara da kunu, ta koma fura mai ruwa, jiya ta ci tuwo da miyar kuka.

Na zamna ina lissafin abin da Yaya ta bari. Ɗakinta ya rushe da damina, jariran da ta shafa wa zuma sun girma, rabinsu ba su san sunanta ba. Amma jiya Dije ta ture kwano ta ce miyata ba yaji, kamar ta marasa lafiya, da muryar uwarta sak. Na ce ai mara lafiyar ce ke, ci ki ba ni kwanona.

Jibi ne ruwa na uku. Tun yau Dije ta aiko a tambaye ni ko na yi magana da mai mota.