Harkamaya da Kwat ɗin Surukinta

A ƙauyensu da ke kan dutse a Panchthar, ko makaho hancinsa zai kai shi gidan Harkamaya. Tun tana budurwa take yin kinema, daddawar waken suya. Ta dafa, ta ɗan daka, ta barbaɗa toka, ta nannaɗe da ganye, ta rataye a kwando bisa murhu har ta yi yauƙi.

Da ta zame a gonar shinkafa ƙashin ƙugunta ya tsage, 'yarta Sunkala ta ɗauke ta zuwa garin Dharan. Can tsohuwa ta takura kamar kazar da aka ɗaure. Ba abin da take so sai ta koma gidanta da ƙafarta, ga shi hanyar hawa ce zalla, mota ba ta zuwa.

Likita ta rubuta mata ƙwayar kalsiyam, ta ce ƙashi ya fi amfana da ita in akwai bitamin K, don haka a yawaita ganye. "Kinema ma tana da shi," in ji ta.

Harkamaya ta zunguri 'yarta da sanda. "Kin ji ko? Ke da kika ce warinta na korar miki baƙi!"

"Haba Ama, a gaban mutane?" in ji Sunkala, don haka suke kiran uwa a yarensu.

Suna komawa tsohuwa ta ce sai ta yi kinema. Sai dai gidan Sunkala da gas ake girki, ba toka ba ɗumin murhu. Toka dai aka roƙo wurin mai shayi. Ɗumi kuwa, tsohuwa ta buɗe kabad ta zaro kwat ɗin ulu mafi kauri ta lulluɓe kwandon. Ashe na mijin Sunkala ne, Tekbahadur, tsohon soja, wanda yake sawa ranar taron 'yan fansho.

Ranar taron ya sa kwat ɗin ya fita, ya dawo fuska a murtuke. "Ama, karnukan unguwa har ƙofar taro suka raka ni."

"To ai ka samu masu yi maka fareti."

Ya yi fushinsa ya gama, da aka kawo miyar kinema kuwa har ƙari ya nema.

Bayan damina likita ta ce za ta iya tafiya. A gindin dutse Tekbahadur ya durƙusa da babban kwando don ya goya ta. Ta jefa ƙunshin kayanta da ƙwayoyinta a ciki, ta wuce shi. Tana hawa tana hutawa, tana zagin duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta suka fito suna shewa. Da ta dafa ƙyauren ɗakinta daɗi ya kashe ta, tana dariya hawaye na zuba.

"Wa ya kawo ki, Harkamaya?" wata maƙwabciya ta tambaya.

"Ni na kawo kaina."