Ranar Da Aka Turo Mutum Biyu A Madadina

Ba na jin zan manta da ranar da Alhaji Ɗanjuma ya tsaya a kaina ina kwance, yana tambayata wanne ne ni a cikin mutum biyu. Ku da kuka shigo aikin malamin gona mai zaman kansa kwanan nan ku saurara da kyau, domin irin takardar da na sa wa hannu ita ake miƙo muku.

Ga yadda tsarin yake. Akwai wani kamfanin casar shinkafa a Kura da ke ba manoma iri da taki, su kuma su sayar masa da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, bayan girbi. Kamfanin ba ya ɗaukar malaman gona da kansa. Wasu dillalan ma'aikata ne a Kano suke nemo masa irinmu, mu yi yarjejeniya da su ta kaka guda. Aikina shi ne in duba irin da ake raino, in ce ya isa dashe, in ga an dasa, sannan in sa hannu. Sai da sa hannuna ake buɗe sito a ba manoma taki. Ƙungiyar manoman da aka haɗa ni da ita, Alhaji Ɗanjuma ne shugabanta.

A cikin yarjejeniyata akwai wani sashe da ya ce idan uzuri ya same ni, ina da damar turo wani ƙwararre a madadina, "da amincewar mai aiki". Na karanta na wuce, har na ji daɗi.

Ana gab da dashen rani, babur ya kayar da ni a gefen kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ƙafata ta karye. Aka kai ni wurin mai ɗori, aka mayar da ni gida. Nan da nan na tuna da sashen nan, na kira Malama Hadiza, wadda muka yi makarantar koyon aikin gona tare, kuma ta fi ni sanin shinkafa. Ta ce za ta je. Sai na kira Malam Nura, jami'in dillalan da ke kula da mu, don neman amincewa.

Ya ce, "Sannu Malam Sabi'u, Allah ya ƙara sauƙi. Amma ai ba mu ne mai aiki ba. Kamfanin casa za ka tambaya."

Na kira manajan kamfanin casa. Shi ma ya yi mini sannu, sannan ya ce, "Mu ba mu da wata yarjejeniya da kai, Malam. Da dillalai muka yi, kuma a tamu sunanka aka rubuta. Ba a ce wani zai iya sa hannu a madadinka ba."

Ranar na fara sanin ashe takardu biyu ne a kaina, ɗaya ma ban taɓa ganinta ba. Na sake kiran Malam Nura. Ya sassauta murya ya ce, "In gaya maka gaskiya? Lauyanmu ne ya sa wannan sashe, don ya nuna kai ba ma'aikacinmu ba ne, kanka kake yi wa aiki. Ban taɓa ganin wanda ya yi amfani da shi ba. Amma bari in gani."

Ban san me "bari in gani" take nufi ba, na ɗauka ko amincewa ce. Malama Hadiza ta fara zuwa gona.

Ana nan sai ga Alhaji Ɗanjuma ya yi sallama, ya shigo har inda nake kwance, ko zama bai yi ba.

"Malam, ya jiki? To, tambaya na zo yi. Mace ta zo ta ce ita ce kai, ta ce mu dasa yanzu, iri ya fara tsufa. Wani kuma ya zo da mota, shi ma ya ce shi ne kai, ya ce kada wanda ya taɓa iri, bai isa ba. Wanne ne kai a cikinsu?"

Na ce, "Alhaji, wane mutum kuma?"

"Au, kai ma ba ka sani ba?"

Ashe Malam Nura ya turo nasa mutumin, wani Malam Bashir, bai gaya mini ba. Ni na turo wakili, dillalai sun turo wakili, mai sito kuma ya ce ba ya karɓar hannun ko ɗaya. Manoma sun rabu biyu, har an fara cacar baki. Ga shi ruwan kanal bi da bi ake sakinsa. Idan layinku ya wuce ba ku dasa ba, sai ku jira ya zagayo, iri kuwa yana ta tsufa. Na kira Malam Nura, wayarsa a kashe. Na kira manaja, ya ce yana tausaya mini, amma ba shi da ikon canja abin da ke rubuce.

Alhaji ya dubi ƙafata, ya dube ni, ya ce, "Za ka iya zama a adaidaita?"

Mai ɗori ya hana ni motsi, uwargidana ma ta nuna ba ta so. Amma haka aka cicciɓe ni, aka shimfiɗa ƙafar a kan kujera, muka kama hanyar gona, kowane rami sai na yi salati. Aka ajiye ni a gindin wata bishiyar darbejiya, manoma suka kewaye ni. Malama Hadiza da Malam Bashir suka iso, a nan suka fara ganin juna. Kowa ya gaisa da ɗan'uwansa a ɗarare.

Na ce kowannensu ya nuna mini irin da ya duba. Na Malama Hadiza dogo, ya yi ganye sosai. Na Malam Bashir ɗan ƙarami, ko tsayin yatsa bai fi ba. Na tambaye su inda suka ciro. Ita a nan ɓangaren Kura ta yi ta aiki. Shi kuwa direban dillalai gonakin ƙungiyar na wajen Bunkure ya kai shi, inda ruwa ya makara, aka yi shuka a baya. Duk su biyun gaskiya suka faɗa. Manoma ne suka haɗu a masallacin Juma'a, kowa ya kawo abin da "wakilin Malam" ya ce, magana ta cakuɗe.

Malama Hadiza da Malam Bashir su suka duba, su suka yanke hukunci, ni da ban taka ko kunya ɗaya ba na sa hannu, mai sito ya buɗe ƙofa. Mafi yawan mutanen Kura sun samu ruwa. Waɗanda ke ƙarshen kanal kuwa layi ya wuce su, suka dasa tsohon iri, amfaninsu ya ragu, kuma har yau idan na gamu da su nauyinsu nake ji. Ƙafata ta kumbura, sai da aka sake ɗori.

Abin da na koya shi ne, kafin ka sa hannu ka tambayi sunan mutumin da zai amince da wakilinka, ka kuma tambaya ko wanda za ka yi wa aikin ya san da wannan dama. Sannan ka kai wakilin naka gona tun kana da lafiya, manoma su san fuskarsa, domin su ba takarda suke bi ba, mutum suke bi.

Da kaka ta zagayo aka kawo mini sabuwar yarjejeniya, sashen yana nan yadda yake. Na ɗora yatsa a kansa na ce, "Malam Nura, don Allah wane ne mai aiki?" Ya karanta, ya sake karantawa, ya sosa ƙeya, ya ce zai tambayi lauya. Har na bar aiki da su bai dawo mini da amsa ba.