Sunan 'Yar Fari

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Haka na taso na ga uwata tana yi da yayanmu, ni ma da na haifi tawa a Rano na ɗora daga inda ta tsaya. Ana yaye ta aka kai ta Kibiya wajen kakarta, ba ta dawo hannuna ba sai da za ta shiga sakandare. "Ke" nake ce mata, in ana hira in ce 'yar Kibiya. Ita kuma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗi. Ni fa malamar firamare ce, tun safe har azahar bakina ba ya gajiya da kiran sunayen 'ya'yan mutane, amma na tawa ko da wasa bai taɓa fita ba. Har bugun ƙirji nake da hakan a gidan biki.

Tana ajin ƙarshe babanta ya saya mata waya saboda karatu. Ta nan wani mutumin banza ya shigo mata da sunan mace, wai ɗaliba ce a Kano. Suka saba, ya lallaɓe ta har ta tura masa hotunan da bai kamata ba, sannan ya fito a mutum ya ce in ba ta ƙaro ba zai watsa su a gari. Ni ban san wainar da ake toyawa ba. Na dai ga ta daina cin abinci, ta daina zuwa islamiyya, waya na yin ƙara sai ta zabura. Maganin zazzaɓi na saya mata.

Ƙanwata da ke aikin asibiti a Kibiya ita ta zo ta tsare ta a ɗaki har ta faɗi gaskiya. Ita ta kai ƙara inda ya dace aka toshe mutumin, ita kuma ta haɗa ta da wata mata da ta karanci lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda aikinta ke nan, sauraron yaran da irin wannan ya faɗa wa ta waya. Yarinyar da matar ba su taɓa ganin juna ba, ta waya kawai suke magana. Malama muke ce mata.

Da ƙanwata ta gaya mini, kunya ce ta fara rufe ni kafin tausayi, kuma har yau wannan na damuna. Ban zagi yarinyar ba, ban duke ta ba. Shiru na yi mata, irin wanda na saba, ina ganin ai na kyauta. In na tuƙa tuwo sai in ajiye mata a bakin ƙofa in wuce.

Da la'asar takan zauna a bayan rumbu, inda sabis ya fi kamawa. Ni kuma ina madafa ina jiyo muryar Malama tana ambaton sunan nan sau ba adadi, a sake, kamar ita ta haife ta. Haushi ya riƙa cina. Baƙuwa ce a cikin waya ta san abin da ke hana 'yata barci, ni ina taku kaɗan da ita ina yanka kuɓewa.

Wata rana yarinyar ta miƙo mini wayar, kanta a ƙasa.

"Yaya, Malama na son magana da ke."

Muka gaisa. Matar ba ta yi kwana-kwana ba.

"Hajiya, da izininta zan gaya miki wannan. Ta ce ƙyamarta kike yi, shi ya sa ba kya kallonta. Ta fara cewa da babu ita da kin huta. Wannan maganar ba ta wasa ba ce."

Na ce, "Malama, 'yar fari ce. Mu haka muke."

"Na sani, ni ma 'yar fari ce. Amma ita yanzu ba ta iya bambance kara da ƙyama. Na gaya mata ba laifinta ba ne har na gaji, daga bakinki take jira. Ki kira ta da sunanta ki faɗa mata."

Na ajiye wayar. Mace da girmana, mai koyar da yara, an ce in furta kalma ɗaya na kasa. Na shiga ɗaki na gwada a hankali ni kaɗai, sai na ji kamar an kama ni da satar nama a tukunya. Ranar ban iya ba, washegari ma haka, kullum ina kallonta tana ƙara ramewa.

Ran da na yi, tana tsugune tana wanke-wanke ne a tsakar gida, ta ba ni baya. Na runtse ido na kira sunan. Ta ɗago, ta waiwaya wajen zaure tana neman baƙuwar da ta shigo.

Na ce, "Ni ce. Ba laifinki ba ne, kin ji? Zaluntar ki aka yi."

Ta daɗe tana kallona, kumfa na ɗiga daga hannunta. Can ta ce, "Yaya, ashe haka yake a bakinki."