Gurgun da na tsayar a bakin rijiya

"Wa ya ba ka labarin Modu?"

Tambayar da maƙwabciyarmu Iya Falmata ta yi mini ke nan jiya da la'asar, tana duba ƙaramin samfurin ƙauyen da nake ginawa a zaurena a Ɗanbatta.

Tun bayan girbi nake wannan aikin a kan faffaɗan katako. Ƙauyensu ne na Borno, ranar da 'yan bindiga suka shige shi. Ita ke kwatanta mini, ni kuma ina ginawa da yumɓu da kara: rumbuna a ƙone, tukwane a kife, mutane na gudu ta hanyar gona.

Cikin mutanen karan akwai wanda ƙafarsa ta karye a hannuna. Ƙyuya ta hana ni yin wani, sai na tokare shi da tsinke kamar sanda, na tsayar da shi a bakin rijiya.

Na ce, "Iya, wane Modu?"

Ta ce, "Ƙanena. Gurgu ne, da sanda yake tafiya. Da na waiwaya ina gudu, daidai nan yake tsaye yana kallona. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko 'ya'yana."

Na ce bari in cire mutumin karan.

Ta riƙe mini hannu. "Kar ka cire shi, ɗana."

Ta ɗauke shi a hankali, ta sa shi tsakiyar masu gudu, ta ce, "Yau dai tare za mu tafi."

Tun lokacin na kasa taɓa aikin. Jama'a, in ci gaba ko in bar shi haka?