Rakiyar da ta kai abokina kurkuku

Shekarun baya, lokacin ina ɗalibi a Alƙahira, aboki ɗaya tak nake da shi. Ɗakinmu a Hay el-Sabi' cike yake da 'yan gida, amma ni irin mutanen nan ne da ake mancewa suna ɗaki sai an zo kashe fitila. Ban iya hira ba, ban iya ƙwallo ba, ko musun siyasa ban iya ba. Wayata ce ta lalace na kai gyara Ainu Shams, mai gyaran ya ji ina ƙunƙuni da Hausa a kan tsadar aikin, sai ya ɗago ya ce, "Kai, ɗan'uwa, zagin nawa kake yi da harshen kakata?"

Bahaushen Sudan ne, shi da mahaifiyarsa kawai a wani ɗan gida hawa na huɗu. Tun daga ranar na samu wurin zuwa duk Juma'a. Tsohuwar tana dama mana asida, irin tuwonsu na Sudan, shi yana tsokanata wai Hausata ta littafi ce, ni ina ce masa tasa ta sha Larabci har ta ƙware.

Sai tsautsayi ya faɗa masa. Ya sayi wasu wayoyi don ya cire kayan gyara, ashe na sata ne. Aka ɗaure shi, da ya fito kuma aka ɗora masa abin da suke kira muraƙaba. Wato an sake ka, amma daga faɗuwar rana zuwa fitowarta dole a same ka a cikin gidanka. Ɗan sanda yana iya ƙwanƙwasa ƙofa kowane dare, in bai gan ka ba sai kotu, daga nan sai komawa ciki. Mutane suka ɗauke ƙafa daga gidan, har waɗanda suke cin asidar tare da mu. Ni ban ɗauke ba, kuma kada a yaba mini, ba ni da wani wurin zuwa ne.

Muka sake tsari. Ina zuwa bayan sallar Juma'a, in tashi da la'asar, ya raka ni tashar jirgin ƙasa ya koma da sauran rana. Bai taɓa yarda in fita ni kaɗai ba. Kun dai san rakiyarmu: a yi sallama a ɗaki, a sake yi a ƙofa, sannan a taka tare ana ƙarasa zancen da ya fi daɗi.

Wata Juma'a da sanyi aka yi ruwa, abin da ba a cika gani ba a garin. Lungunan suka cika da taɓo, tsohuwar ta hana ni tafiya sai ya tsagaita. Kafin mu ankara an kira magariba. Muka yi salla a ɗaki, na ɗauki takalmina, sai na ga shi ma yana neman nasa.

Na ce, "Ina za ka? Rana ta faɗi fa."

Ya ce, "Bakin lungu kawai. Yalla, mu je."

Na dubi tsohuwar ko za ta tsawata masa. Sai ta ce, "Ɗana, bar shi. Baƙo ya sauka shi kaɗai kamar wanda aka kora? Maƙwabta su ce gidanmu ya lalace har haka?"

Muka sauka. Bakin lungu ya zama wajen mai gasa masara, wajen mai masara ya zama bakin titi. Sau biyu ina ce masa, "Koma haka nan, rakiyar ta isa." Yana dariya yana cewa in ya bar ni a nan, sai an tsinto ni a Giza, don ya san ni da ɓata. Sai a bakin titin ya juya gida da sassarfa. Ashe muna wajen mai masara ɗan sanda yana hawa na huɗu.

Ranar shari'a na je. Na same shi cikin kejin ƙarfen da suke tsayar da waɗanda ake tuhuma, an aske masa kai. Lauyansa ya ba shi shawara ya ce magani ya fita saya wa tsohuwa, ya ƙi, wai ba zai ɗora wa uwarsa ciwon da ba ta da shi ba. Alƙalin dattijo ne, da gani ya gaji. Ya tambaye shi ina ya je, ya ce ya raka baƙo.

Alƙali ya ce, "Baƙon makaho ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Yaro ne ƙarami?"

"A'a. Ga shi can."

Na miƙe, ƙato da ni, ga gemu, ga tabarau. Kotu ta kwashe da dariya. Na haɗa duk Larabcin da na yi shekaru ina haddacewa, na fara bayanin cewa a wurinmu barin baƙo ya fita shi kaɗai wulaƙanci ne. Larabcin ya tsere ya bar ni, na yi ta in'ina kamar ɗan aji ɗaya. Alƙali ya saurara har na gama, ya ce al'ada ce mai kyau, amma an ce masa ya zauna a gida bai zauna ba. Ya yanke masa wata uku.

Aka fito da shi da sauran fursunoni ta ƙofar baya zuwa wata babbar mota mai 'yan tagogi na raga. Ban san me ya kama ni ba, na bi ta da ƙafa. Cunkoson Alƙahira ya taimake ni, tana rarrafe ina gefenta, ina ganin yatsunsa a jikin ragar. Da hanya ta fara buɗewa na soma gudu-gudu, sai na ji muryarsa daga ciki.

"Malam, khalas. Koma haka nan, rakiyar ta isa."

Na tsaya a tsakiyar titi, masu motoci suna zagina. Ganina da shi ke nan na ƙarshe, don yana gama wa'adin aka mayar da shi Sudan, tsohuwar ta tattara ta bi shi. Na ƙarasa karatuna ba ni da gidan zuwa ranar Juma'a. Nakan hau jirgin har Ainu Shams, in sauka, in tsallaka ɗaya ɓangaren in dawo.

Yanzu mukan gaisa ta waya jefi-jefi. Ya yi aure, yana da shago, bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni ma na daina neman mai laifi a cikin lamarin. Kewa ce dai ba ta tafi ba. Har yau in na kai ziyara maigida ya fara laluben takalmi, sai in yi ta roƙonsa ya zauna. Suna cewa ina da girman kai, ba na son rakiya. Ina so ƙwarai. An taɓa yi mini wadda har yanzu ban gama dawowa daga cikinta ba.