Tulun Inna a Tsakiyar Hanya

Har gobe in aka ce ni na lalata ƙanena, sai in ce i, ni ne, kuma ban tuba ba.

Mu makiyaya ne. Rugarmu tana kusa da Kore Mairuwa, daidai inda babbar hanyar mota ta yanke burtalin shanu. Shekarun farko na samun mulkin kai motoci suka ƙaru, sai samarinmu suka ƙago wata jarumta. In garke zai ƙetare, ɗayansu ya tsaya tsakiyar hanya ya ɗaga sanda, kamar yadda ake tare bijimi. Mota ta tsaya, shanu su wuce, ƴanmata su yi guɗa. Wanda ya fi barin mota ta matso kafin ya ɗaga sanda, shi ne namiji. Ƙanena, ɗan shekara goma sha biyar, shi ke riƙe da wannan suna.

Ni kuwa na bar kiwo na bi mota. Wani tsohon soja ya koya mini tuƙi, mutum mai zafin hannu, kuma sai da na daɗe ina koyon tsayawa kafin ya bar ni in yi gudu. Na samo permi, wato lasisin tuƙi, a Dosso, wani ɗan kasuwar Dogon Dutsi ya ba ni kamiyo, babbar motar kaya, ina ɗaukar gujiya. Ranar da na fara hango ƙanena ta gilashi, siriri da shi, yana murmushi tsakiyar hanya, tun daga nesa na fara taka birki. Na san abin da ke ƙarƙashin ƙafata, shi bai sani ba.

Na sami Baba a gindin bishiya na ce ya hana shi.

Ya ce, "Mota ba ta da mutum a ciki? Mutumin ba shi da ido?"

Na ce, "Baba, ido daban, birki daban. In ta ɗauko kaya ba ta jin magana."

Ya yi tsaki. "Yaron da ke tare bijimi da hannu ɗaya? Kai dai ƙarfe ya sa maka tsoro, kar ka shafa wa ɗana."

Kai! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tashi ban yi sallama ba.

Da na sake biyowa da lodi, na tsaya a bakin burtali, na shiga bukkar Inna na ɗauko tulunta biyu. Tana ta faɗa, ban waiwaya ba. Na girke ɗaya tsakiyar hanya, na ce wa ƙanena ya tsaya gefe, ya ɗaga sanda lokacin da ya saba ɗagawa. Jama'a suka taru. Na koma baya na taho da gudun da kowane direba ke yi. Ya ɗaga sanda, na taka birki iyakar ƙarfina. Tulun ya tarwatse, motar ta ci gaba da ja a kan tsakuwa, sai can gaba ta tsaya.

Baba ya ce, "Ƙarya ne, da gangan ka yi. Ba ka taka ba."

To, madalla. Na girke tulu na biyu, na kama wuyan rigar ƙanena na jefa shi kujerar gaban mota. Na matsa masa wuri, na ɗora ƙafarsa a kan birki, na ce, "Ni ke da sitiyari, kai ke da tsayawa. In ka ga dama ka ceci tulun."

Ya yi dariya. "Yaya, wannan ɗan ƙarfen?"

Muka taho. Da tulun ya matso ya taka da ƙafa ɗaya, ya ƙara ta biyu, ya miƙe tsaye a kai. Har tsawa ya daka wa motar, irin wadda yake yi wa shanu. Muka ji ƙarar tulun a ƙarƙashinmu. Da muka tsaya ya kasa sauka, sai da na sauko da shi.

Daga ranar bai sake tsayawa a hanya ba. In zai ƙetare da garke sai ya jira mota ta wuce. Ƴanmata suka sa shi a waƙa, abokansa suna ganinsa su kwaikwayi ƙarar fashewar tulu. Ya daina gaishe ni. Baba ya aiko a faɗa mini kar in ƙara shan nonon gidansa. Inna ma ta ce in biya ta tulunta, wannan kam na biya. Na roƙi sauran iyaye su bar ni in ɗora ƴaƴansu a motar, ko sau ɗaya, kowa ya ce nasa ba matsoraci ba ne. Na ji zafi, wallahi, amma ban je ba kowa haƙuri ba.

Sunan jarumtar ya koma kan ɗan maƙwabcinmu, sa'an ƙanena, tare aka yi musu kaciya. Kaka na zagayowa wata mota ta taho da lodi, ya ɗaga sanda. Direban ya taka birki, kowa ya shaida ya taka.

Na zo jana'izar yaron ba wanda ya gayyace ni. Baba bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Da muka taso daga maƙabarta dai na ga ya kama hannun ƙanena, da girmansa, a gaban mutane, kuma har gida bai saki ba.